Kwalliya da kuɗin sabulu a sararin samaniya

A hunturun da ya wuce na je ganin gida, kuma wata rana bayan sallar magariba muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ni da kawuna, mutumin da ya haura shekara hamsin yana noman gero da dawa a gonar da ya gada. Hazo ya ɗan lafa a daren, taurari sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani haske mai ƙarfi wanda ba ya ƙyaftawa ya taso daga yamma yana ratsa sama a natse. Kawu ya ce jirgi ne. Na ce masa, “Ba jirgi ba ne, Kawu, gida ne da aka gina a sama, kuma yanzu haka akwai mutane a cikinsa.” Na yi masa bayanin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda nisanta daga ƙasa ya kai kimanin kilomita 400, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja da za a miƙe ta tsaye, kuma tana zagaye duniya a cikin minti 90, sannan tun watan Nuwamba na shekarar 2000 ba a taɓa barin ta babu kowa ba. Ya bi ta da ido har ta shige inuwa ta ɓace, sannan ya tambayi kuɗinta. Da na ce masa ta ci fiye da dala biliyan 100, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya gyara mayafinsa, ya ce, “To ɗana, su da suka zuba wannan dukiya, me suke nomawa a can?”

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta bi ni har na dawo bakin aiki, domin ba tambayar jahilci ba ce. Ita ce dai tambayar da Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King a jagorancin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya kai har bakin filin harba roka a Florida ranar 15 ga Yulin 1969, kwana ɗaya kafin kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa duniyar wata. Ya zo ne da iyalai matalauta da amalanke da alfadarai ke ja, domin ya nuna cewa ƙasar da za ta iya sauke mutum a wata ta bar wasu ’ya’yanta suna kwana da yunwa. Shugaban NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya ce da fasa tashin kumbon zai warware matsalarsu, da an fasa. Amsar tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba, kuma ina ganin abin da ya sa muhawarar nan ba ta ƙarewa shi ne ana haɗa abubuwa daban-daban a cikin buhu ɗaya a kira su binciken sararin samaniya. Tauraron ɗan’adam da ke kallon hadari daban yake, na’urar da aka aika ta tona ƙasar Mars daban take, aika mutum mai jini da tsoka kuma wani abu ne na uku, kuma ribar kowanne da asararsa ba ɗaya ba ne.

Batun kuɗin kansa yana bukatar a auna shi da ma’auni. Shirin Apollo ya ci kimanin dala biliyan 25 na wancan zamani, ya sauke mutum 12 a kan wata tsakanin 1969 da 1972, suka dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa. A shekarar 1966, lokacin da tseren ya fi zafi, NASA ta lashe fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin kuɗin gwamnatin Amurka. A yau tana karɓar kimanin dala biliyan 25 a shekara, abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin ba. Idan aka ajiye wannan kusa da dala tiriliyan 2.4 da ƙasashen duniya suka kashe a kan sojoji da makamai a shekarar 2023 kaɗai, za a ga cewa mai neman inda abincin talaka ya maƙale ba a filin harba kumbo ya kamata ya fara dubawa ba. Sai dai wannan kwatancen ba ya wanke kowane shiri, don kuwa kasancewar maƙwabcinka ya fi ka almubazzaranci ba hujja ba ce a kan naka.

Ba kuma za a raba wannan harka da yaƙi ba, domin daga cikinsa ta fito. Roka ta farko da ta taɓa gefen sararin samaniya ita ce V-2 ta Jamus a zamanin Hitler, makamin da aka riƙa harbawa kan Landan da Antwerp, wanda fursunonin sansanin Mittelbau-Dora suka ƙera a cikin ramukan dutse, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙera shi sun fi waɗanda ya kashe da faɗowarsa yawa. Wernher von Braun, wanda ya jagoranci aikin, shi ne daga baya Amurka ta ɗauka ya gina mata rokar da ta kai mutum wata. Da Tarayyar Soviet ta harba Sputnik, tauraron ɗan’adam na farko, ranar 4 ga Oktoban 1957, abin da ya firgita Amurkawa ba ƙarar ƙaramar ƙwallon ƙarfen ba ce, sanin da suka yi ne cewa rokar da ta ɗaga ta za ta iya ɗaukar makamin nukiliya. Tafiyar Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ta minti 108 a watan Afrilun 1961 da duk abin da ya biyo baya har zuwa saukar Neil Armstrong a kan wata, gasar nuna isa ce ta yaƙin cacar baka, kimiyya kuma ta bi ayari ne a matsayin ’yar rakiya.

Abin da mutane da yawa a cikinmu ba su sani ba shi ne ƙasarmu tana cikin labarin tun farkonsa. Amurka ta kafa tashar bin diddigin kumbo a Kano a zamanin Mercury, shirinta na farko na aika mutum sama, kuma da John Glenn ya zagaye duniya ranar 20 ga Fabrairun 1962, ya yi magana da ma’aikatan tashar, ya gaya musu yana hango ƙura tana tashi a ƙasa, wato ƙurar hunturun nan da ke fasa mana leɓe. Ranar 23 ga Agustan 1963 kuma, Shugaba Kennedy ya kira Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, muryar ta sauka ta wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Legas, kuma wannan ne karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi magana kai tsaye ta tauraron ɗan’adam. Na kawo wannan ne domin ya nuna yadda rabon ya kasance tun asali: mun ba da fili, mun amsa waya, amma na’urar da ilimin na wasu ne.

Inda nake ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da rara shi ne ɓangaren da ke kallon ƙasa daga sama. A watan Nuwamban 1970 guguwar teku ta faɗa wa yankin da yanzu ake kira Bangladash, ta kashe aƙalla mutum 300,000, mafi yawansu ba su sami gargaɗin da zai sa su gudu ba. A shekarar 1999 wata guguwar ta kashe kimanin mutum 10,000 a jihar Odisha ta Indiya. Da guguwar Phailin ta nufo wannan gaɓar a watan Oktoban 2013, taurarin ɗan’adam sun bi ta kwanaki tun tana tsakiyar teku, hukumomi suka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya daga bakin ruwa, kuma waɗanda suka rasu ba su kai ɗari ba. Indiya ta fara shirinta na sararin samaniya ne tana cikin talauci mai tsanani, kuma Vikram Sarabhai, wanda ya assasa shi, ya tsaya a kan cewa ba gasar zuwa wata ce ta kawo su ba, amfanin manomi da masunci ne. A shekarun 1975 da 1976 sun ari wani tauraron Amurka suka riƙa aika darussan noma da kiwon lafiya zuwa talabijin a ƙauyuka 2,400. Sai bayan shekaru masu yawa suka waiwayi Mars da wata, kuma kumbon da suka sa a falakin Mars a 2014 bai wuce kimanin dala miliyan 74 ba.

A yankinmu ma akwai abin nunawa. Bayan farin da ya ƙone Sahel a farkon shekarun 1970, an kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, kuma babban aikinta har yau shi ne haɗa bayanan ma’aunan ruwan sama da hotunan taurari domin a san inda damina ta yi gardama da inda ciyawa ta gaza, tun kafin rumbuna su ƙare. Hotunan sama ne suka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba’in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa a shekarun 1980. Masunta da manoman bakin tafkin sun riga kowa sani, amma maganarsu ba ta shiga ɗakin taro ba sai da hoto ya raka ta.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na bishiyoyin Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoman wannan yanki suka koma barin tohon kututture ya girma a gonakinsu maimakon sassabe shi, musamman gawo, wanda kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi abinci, kuma shukar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta fili kyau. Sun yi wannan aiki shekara da shekaru ba tare da wani ya ƙirga ba, a daidai lokacin da rahotanni ke cewa hamada tana cinye Nijar. Sai da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka jera tsofaffin hotunan jirgin sama kusa da sababbin hotunan tauraro, sannan aka gano cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyin da aka ƙiyasta sun kai miliyan 200. Tauraro bai dasa ko itace ɗaya ba, manoma ne suka yi da gatari da haƙuri, amma shi ya ba da shaidar da ta sa aka daina kallon su a matsayin masu ɓarna aka fara zuwa koyo a wurinsu.

Haka aka yi a yaƙi da shan inna. A farkon shekarun 2010 an yi amfani da hotunan tauraro an zana taswirar garuruwa da rugage a jihohin arewa, aka gano ƙauyukan da ba sa cikin taswirar hannu da ma’aikata ke bi, aka kuma ba masu allurar rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake. Ba wannan kaɗai ya kawo nasara ba, sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne ƙashin bayan aikin, amma yana cikin abin da ya kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ita kuma na’urar GPS da ke cikin wayar kowane direba, taurarin sojojin Amurka ne masu nisan kimanin kilomita 20,000 ke ciyar da ita, kuma ba a karɓar ko sisi a hannun mai amfani, ko da yake mabuɗin yana hannun mai ita.

Sai dai a nan ne ya kamata a ja birki, domin hoto ba ya kwashe kowa daga bakin kogi. Abin da ya ceci mutanen Odisha ba tauraro kaɗai ba ne, akwai gine-ginen mafaka da aka yi bayan masifar 1999, akwai motoci, akwai jami’an da suka bi ƙauyuka da lasifika, akwai kuma jama’ar da suka yarda da gargaɗin. A Nijeriya an yi hasashen ambaliyar 2022 tun kafin damina ta kankama, amma duk da haka fiye da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka rasa muhalli. Na ga ƙaramin misalin wannan da idona. Bayan ruwa ya ci gidaje a wata unguwa kusa da mu, wani matashi da ya karanta labarin ƙasa ya zauna da tsohuwar kwamfutarsa ya sauke hotunan taurarin Landsat, waɗanda aka mayar kyauta tun 2008, ya jera na shekarun baya kusa da na yanzu, ya fito da tsohuwar hanyar ruwa da jan layi, da gidajen da aka gina a kanta ɗaya bayan ɗaya. Na raka shi muka kai takardar wani ofishi, aka karɓe mu da fara’a, aka yaba masa, aka buɗe durowa aka saka. Da damina ta zagayo, ruwa ya bi jan layin nan kamar shi ma ya karanta taswirar.

Wannan ne ya sa nake da ra’ayi biyu game da taurarin Nijeriya. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha a watan Satumban 2003, ƙaramin tauraro da wani kamfanin Ingila ya ƙera a kan kimanin dala miliyan 13, wanda har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ba da a 2005. Tare da shi aka horar da injiniyoyinmu, kuma injiniyoyin Nijeriya ne suka ƙera NigeriaSat-X da aka harba a watan Agustan 2011. Wannan kuɗi ne da zan iya karewa a gaban kawuna. Amma tauraron sadarwa na NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a watan Mayun 2007 a kan ɗaruruwan miliyoyin dala da nufin ya yi shekara 15, ya mutu a watan Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukan da ke tara masa hasken rana, aka jira har Disamban 2011 kafin a maye gurbinsa. Taurari suna mutuwa a kowace ƙasa, wannan ba abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne ko ƙasar da ba ta gama cin moriyar hotunan da ake rabawa kyauta ba ta fi bukatar sabon tauraro ko kuwa masana dubu da za su zauna a ƙananan hukumomi su karanta abin da ke saukowa, kuma a saurare su. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu kare kasafin NASA suna yawan kawo jerin kayayyakin da suka ce tafiya sama ce ta haifa, kuma ba na son wannan hujja sosai. Wasu daga cikin jerin ba gaskiya ba ne, domin Teflon, shafen da ke hana abinci kama tukunya, da Velcro, maɗaurin takalmi da jaka mai mannewa, duk sun riga NASA zuwa duniya. Wasu gaskiya ne, kamar ƙwayar idon kyamarar da ke cikin wayoyinmu, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a ɗakin binciken JPL na NASA a shekarun 1990 domin a rage nauyin kumbo. Amma duk inda aka tara dubban haziƙai aka zuba musu biliyoyi, dole wani abin amfani ya faɗo, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa da an ba su aikin zazzaɓin cizon sauro ko na ajiyar wutar rana kai tsaye da ba a sami abin da ya fi haka ba.

Ɓangaren da ya fi ɗaukar ido, wato aika mutum, shi ne wanda na fi kasa karewa. Jikin ɗan’adam ba a yi shi domin can ba: ƙashi yana zaizayewa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane wata, tsoka tana saki, kuma dole a ɗauki iska da ruwa da abinci da hanyar dawowa, abin da ke ninka kuɗin tafiya sau da yawa. An kuma biya da rayuka. ’Yan sama jannati uku sun ƙone a cikin kumbon Apollo 1 yana ƙasa a watan Janairun 1967, Vladimir Komarov ya faɗo da Soyuz 1 a watan Afrilun wannan shekarar, wasu uku suka rasu a Soyuz 11 a 1971. Kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 da mutum bakwai, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe, ɗalibai suna kallo a talabijin, Columbia kuma ya wargaje a hanyar dawowa ranar 1 ga Fabrairun 2003 da wasu bakwai. Waɗannan sun san haɗarin kuma sun yarda, ba kamar ma’aikata 21 da suka mutu a filin harba roka na Alcântara a Brazil a watan Agustan 2003 suna bakin aikinsu ba. A 2021 babban mai binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta cewa kowane tashi ɗaya na farkon shirin Artemis, mai nufin mayar da mutum wata, zai ci dala biliyan 4.1. Motar Perseverance da ta sauka a Mars a watan Fabrairun 2021 ba ta kai dala biliyan 3 ba gaba ɗayanta, kumbunan Voyager biyu da aka harba a 1977 kuma sun fita daga da’irar iskar rana suna aiko da saƙo ba tare da sun nemi ko kurɓin ruwa ba. Na san akwai abin da ganin mutum a kan wata yake yi wa zuciyar yaro wanda na’ura ba za ta yi ba, kuma ban raina wannan ba, amma a kira shi da sunansa, wato alfahari da zaburarwa, kada a sayar mana da shi da sunan kimiyya.

Akwai kuma asarar da ke faɗawa kan waɗanda ba a yi shawara da su ba. Domin gina filin Alcântara, an tashi iyalai fiye da 300 na jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, aka raba su da bakin tekun da suke kamun kifi. A watan Mayun 2020 tarkacen wata rokar Sin ya faɗo a ƙauyukan Kwaddebuwa, ranar 30 ga Disamban 2024 kuma wani zoben ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Can sama ma juji yana taruwa. Da Sin ta harbe wani tsohon tauraronta da makami a watan Janairun 2007, ya fashe ya bar gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bin diddiginsu, a watan Fabrairun 2009 kuma wani tauraron Amurka ya yi karo da mataccen tauraron Rasha. Kowane guntu yana gudun kimanin kilomita 28,000 a sa’a, gudun da zai sa ƙusa ta huda kumbo, kuma tun 1978 Donald Kessler ya yi gargaɗin cewa karo zai iya haifar da karo har wani falaki ya daina amfanuwa ga kowa. Wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 ta ce sararin samaniya ba mallakar wata ƙasa ba ne, amma a aikace wanda ya riga zuwa shi ke kama wuri. Kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023 kafin kowace ƙasar Afirka, ya kai intanet wuraren da babu turken waya, kuma wannan alheri ne na gaske ga asibitin ƙauye ko makaranta, sai dai dubban taurarinsa suna cike hanyar da ƙasashen da ba su iso ba tukuna za su bukata, kuma ikon kunnawa da kashewa yana hannun kamfani ɗaya a wata ƙasa.

Saura ilimi domin ilimi, wanda ba ya kawo hatsi, kuma a nan nake rabuwa da kawuna. Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamban 2021 a kan kimanin dala biliyan 10, ba zai ƙara wa kowa mudu ɗaya ba, amma kakanninmu da suka sa wa taurari suna, suka san Zara da Gamzaki da Kaza da ’ya’yanta, suka riƙa ƙirga damina da fitowarsu, ba su jira cikinsu ya cika ba kafin su ɗaga kai. Wani lokaci kuma ilimin da ake gani kamar na nishaɗi yakan zama garkuwa. A watan Fabrairun 2013 wani dutse ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha ya jikkata kimanin mutum 1,500, babu wanda ya gan shi yana tafe. A watan Satumban 2022 NASA ta kai wa wani dutsen sama mai suna Dimorphos karo da kumbon DART da gangan, ta rage lokacin da yake ɗauka yana zagaye wani dutsen da ya fi shi girma da kusan rabin sa’a, wanda ya nuna cewa idan an hango irin wannan baƙo da wuri ana iya kauce masa.

Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami ta ƙasar Katsina, sai ya ji ƙara mai ƙarfi, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Shekaru suka wuce babu wanda zai iya tabbatar da inda ya fito. Sai da kumbunan Viking suka sauka a Mars a 1976 suka auna iskar can, sannan masana suka sami abin da za su gwada da iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu, aka ga sun dace, aka tabbatar cewa dutsen Zagami ɓallin duniyar Mars ne da wani karo ya cillo. Yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da hannun ’yan kasuwa a ƙasashe da dama, kuma sunan wannan ƙauye yana cikin littattafan masana taurari na duniya, alhali da wuya ka sami ɗalibin sakandare a Katsina da aka taɓa ba shi labarin. A watan Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen na Mars a yankin Agadas, mai nauyin kusan kilo 25, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. Ya bi ta hannu-hannu ya fita daga Nijar, aka yi gwanjonsa a Sotheby’s ta New York a watan Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, kuma sai bayan an buga guduma gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda aka yi ya bar ƙasar.